Falanki ne ko ƙofa? Lambar da duwan ke rubutawa da abin da take yanke mana

Jawabin da aka gabatar a zaman matasa a Badagishiri

Ƴan uwa samari da ƴan mata, iyayenmu kafintoci da masu walda da kuka aje aiki kuka zo, ƴan kasuwa da kuka taso daga Ƙonni da Malbaza da Illela, sannunku da zuwa. Na gode da kuka ba ni wanga lokaci.

An ce in yi magana kan haraji a bakin iyaka. Maganar tana da faɗi, don haka na ɗauki abu guda ƙarami zan bi shi tun daga iyaka har bakin ɗaki. Abin nan shi ne firam ɗin ƙofa na katako, wato sandunan nan uku, biyu a tsaye ɗaya a gicciye, da magini ke kafawa cikin bango kafin a rataya kyaure. Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu sai firam? Ku ba ni aron kunne kaɗan. Wanda ya gane yadda duwan ke lissafin firam, ya gane yadda take lissafin babur da salula da atamfa, don doka guda ce ke kansu duka.

Ƙasarmu ta Adar ba ta da dajin katako. Gawon da ke gonakinmu, da dogon yaron da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, ba itacen zarto ba ne. Katakon gini daga kudu yake zo mana, daga Najeriya da Gana da Kodibuwa. Ƙofofin da aka gama a masana'anta kuma, na Sin da na Turkiyya, ta jirgin ruwa suke zuwa. Da ta Kwatano da Gaya suke biyowa. Tun da aka rufe waccan hanya a 2023, kaya da yawa sai sun zaga ta Lome da Burkina Faso. Wasu kuma ta Illelar Sakkwato suke shigowa Ƙonni, su bi ta Tsarnawa su iso nan. Duk ta inda kaya ya biyo, sai ya tsaya gaban duwan an ba shi suna.

Lissafin duwan kamar murhu ne, duwatsu uku gare shi. Na farko irin kaya: mi ne ne wanga abu? Na biyu asalinsa: a wace ƙasa aka yi shi? Na uku darajarsa: nawa aka saye shi, haɗe da kuɗɗin dako da inshora? Mu yawanci kan dutse na uku muke gardama, muna ta cewa an yi wa kaya ƙima da yawa. Alhali na farkon ne ke faɗin kashi nawa za a cira daga cikin ƙimar. Shi zan tsaya a kai.

Sunan da duwan ke ba kaya lamba ce, kuma ba a Ƙonni ko Yamai aka ƙirƙiro ta ba. Akwai Ƙungiyar Duwan ta Duniya, mai mazauni a babban birnin Beljiyam. Ita ke riƙe da jadawalin kaya da ake kira SH a takardun faransanci, wanda ya fara aiki a 1988. Ƙasashe da yankuna sama da 200 na aiki da shi. Kowane kaya yana da lamba mai alƙaluma shida, iri ɗaya a Sin da Amurka da Nijar. Biyu na farko babi ne, biyu na tsakiya layi ne a cikin babin, biyu na ƙarshe reshe ne na layin. Mu a Afirka ta Yamma muna ƙara huɗu a baya, su zama goma. Lambar nan mai alƙaluma goma ita ake bugawa a kwamfutar duwan, cikin manhajar SYDONIA, haraji ya fito da kansa.

Katako yana babi na 44. In kuka duba babin za ku ga an jera shi kamar tsani, daga itace ɗanye zuwa abin da aka gama. Layi na 44.03 gungume ne. Layi na 44.07 falanki ne da zarto ya tsaga a tsawonsa, mai kaurin da ya wuce milimita 6, ko an goge shi ko ba a goge ba. Layi na 44.09 katakon da inji ya bi gefensa ko fuskarsa daga farko har ƙarshe ya yi masa siffa, misali an fafe masa kwari, ko an zagaye kusurwarsa. Layi na 44.18 kuma aikin kafinta ne na gini: tagogi, ƙofofi da firam ɗinsu da dokin ƙofa. Kafin 2022 reshen ƙofofi guda ne, 4418.20. A gyaran 2022 an raba shi biyu, 4418.21 ga ƙofar itacen ƙasashe masu zafi, 4418.29 ga saura.

Yanzu mu ɗauka ƴan kasuwa uku ne suka iso duwan rana ɗaya, da katakon itace iri ɗaya, kuma duk don firam suka sayo shi.

Na farko ya zo da falanki zalla, mai kusurwa huɗu, ba a taɓa shi ba bayan zarto. Ya ce wa ɗan duwan, firam zan yi da shi. To, niyya ba ta shiga jadawali. Ana duba kaya yadda yake a ranar da aka gabatar da shi. Nasa 44.07 ne.

Na biyu ya zo da dogayen sanduna, an fafe musu kwarin da kyaure zai kwanta a ciki, tun daga wanga kai har wancan. Ba a yanke su daidai tsawon wata ƙofa ba, ba a huda su ba. Kafinta zai auna, ya yanka, ya sassaƙa mahaɗi. Nasa 44.09 ne.

Na uku ya zo da ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi sanduna uku. An yanke su daidai awo, an sassaƙa wa ɗaya harshe, an yi wa ɗaya ramin da harshen zai shiga, an fafe wurin ƙarfen da kyaure ke juyawa a kansa, an huda wurin makulli. Abin da ya rage guduma da ƙusa. A faktir ɗinsa an rubuta "katako". Shi ma ya rantse katako ne, don ga shi a kwance ba a haɗa ba. Nasa 44.18 ne, kuma ba ɗan duwan ne ya ƙago hakan ba.

Jadawalin yana da ƙa'idoji shida na fassara, an buga su a farkon littafin. Ta farko ta ce a bi kalmomin layi da bayanan babi. Ta biyu, sashenta na farko, ita ce ta kama mutumin nan. Ta ce kayan da aka kawo a warwatse, ko wanda bai ƙarasa ba amma ya riga ya ɗauki ainihin kamannin abin da aka gama, ana lissafa shi a matsayin wanda aka gama. Babur a cikin kwali babur ne. Firam a cikin ƙunshi firam ne. Ko da ya turo sandunan tsaye a mota ɗaya, na gicciye a wata mota bayan mako, sandar da aka riga aka yi wa harshe da rami da wurin makulli ta nuna kanta, bayanin layi na 44.18 ya ambaci irinta. Canza wa tuwo suna ba ya hana shi zama tuwo.

Abu biyu ƙanana da ke ruɗa mutane. Ƙofar garin katako da aka matse, wadda ake kira MDF, ita ma 44.18 take shiga in an gama ta, don bayanin babin ya ce a ɗauke ta kamar katako. Sannan makullai da ƙarafan ratayawa, in an kawo su daban a kwalayensu, babi na 83 suke. Masu walda, ku ma kuna ciki: ƙofar ƙarfe da firam ɗinta 7308.30 ce, ta alminiyom 7610.10, ta roba 3925.20. Tsanin da na faɗa kan katako, akwai irinsa tsakanin farantin ƙarfe da ƙofar da aka gama.

To mi ya sa ake wahalar kan lamba? Saboda kowace lamba akwai kaso a gabanta. Ƙasashen UEMOA sun fara harajin iyaka na bai ɗaya, TEC, a ranar 1 ga Janairun 2000, da matakai huɗu. A ranar 1 ga Janairun 2015 aka koma matakai biyar tare da CEDEAO. Kashi 0 cikin 100 ga kayan buƙatar jama'a na dole. Kashi 5 ga kayan masarufi da ɗanyen kaya da injuna. Kashi 10 ga kayan da aka fara sarrafawa, waɗanda wani zai ƙarasa. Kashi 20 ga kayan da aka gama. Kashi 35 ga wasu kaya da ake son kare masu yin su a gida. Nijar ta fita daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, amma tana nan cikin UEMOA, kuma tsarin matakan nan na UEMOA ne shi ma. A kan wanga haraji akwai na ƙididdiga, kashi 1, akwai na UEMOA, akwai kashi 0.5 da ƙasashen AES suka amince da shi a watan Maris na 2025, sannan TVA kashi 19, wanda ake lissafawa bisa darajar kaya haɗe da harajin da aka riga aka ɗora.

Mu yi lissafi, kowa ya fiddo wayarsa. Kaya na sefa 1,000,000, jikka dubu ke nan. In ya faɗa layi mai kashi 10, harajin iyaka jikka 100. In ya faɗa mai kashi 20, jikka 200. Bambanci jikka 100. Sai TVA ta hau kan wanga bambanci, ta ƙara jikka 19. Jikka 119 a kan kowane miliyon, saboda alƙalami ɗaya ko biyu da suka canza a takarda. Mai kwantena ya ninka da kansa. Yanzu kun ga inda "mu sasanta" ke samun wurin zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, kuma tsagar a nan ita ce mai kaya bai san lambarsa ba.

Dutse na biyu ma yana taɓa lissafin. Kayan da aka yi a wata ƙasa ta UEMOA, in yana da takardar asali ta gaskiya, ba ya biyan harajin iyaka. Ƙofar da aka yi a Sin, ko ta kwana wata uku a magaza a Lome, ba ta zama ƴar Togo ba.

Ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Tsanin nan an yi shi da gangan, don aikin da ke tsakanin falanki da ƙofa ya tsaya a hannun mutanenmu. Falanki ya shigo da sauƙi, kafintan Badagishiri ya auna, ya yanka, ya fafe, ya haɗa, yaransa su koyi sana'a, mai kura ya samu dako, mai abinci ta samu ciniki a bakin shago. Wanda ya fi son a yi masa aikin a wata ƙasa, ya biya ƙari. Duk ranar da firam gamamme ya shigo da sunan falanki, an yi cuta biyu. Baitulmali ta rasa kuɗɗin da ake biyan malamin makaranta da shi. Kafinta kuma ya wayi gari yana takara da kayan da bai biya abin da doka ta ce ba. Sumuntin Malbaza na ta fita, gidaje na tashi a Tawa da Ƙonni da nan, kowane gida da ƙofofinsa. Tambayar ita ce wa zai yi su.

Akwai cuta ta uku da ba a cika faɗi ba. In aka ɗauki falanki zalla, ko sandunan da ba a yanke ba, aka sa su a layin kayan da aka gama, ɗan kasuwa mai gaskiya ya biya abin da ba nasa ba. Shi kuma ya ɗora wa kafinta, kafinta ya ɗora wa mai gini. Kuskuren lamba ta kowane gefe ya faɗo, talaka yake danna.

Ƴan uwa ƴan kasuwa, ku ma ku ji. Bayyana kaya da sunan da ba nasa ba laifi ne a dokar duwan. Ana biyan abin da aka ɓoye, a ƙara tara, kuma ana iya riƙe kayan. Ɗan tiranzit ne ya cika takarda, amma kayanka ne ke kwance a rana, jarinka ne ya tsaya. Kuma ɗan duwan da ya buɗe ƙunshi ya duba ko an huda sanda, aikinsa yake yi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Iyayenmu kafintoci, da girmamawa, akwai taku. Haraji ba ya gyara aiki. Saurayin da ya yi shekara biyar yana tara kuɗɗin ɗaki, ko ƴar uwarmu da ke gina shago, suna da hakkin neman abin da zai daɗe. In aka yi firam da ɗanyen katako, hunturu ya zo ya murɗe shi, kyaure ya ƙi rufuwa, gara ta bi ta cinye gindinsa, gobe ƙofar waje za su saya ko an ninka mata haraji. A busar da katako, a shafa maganin gara, a cika alkawarin rana. Tsanin duwan dama kawai yake ba ku, sauran na hannunku.

Kada ku zaci rigimar nan tamu ce mu kaɗai. A Amurka wani kamfani mai suna Millenium Lumber ya shigo da katako daga Kanada, an yanke bakinsa a karkace. Ya ce kayan rufin gini ne, a sa shi a 44.18, don a lokacin falankin Kanada ne ke da takunkumin yarjejeniya a kansa. Duwan ta ce falanki ne, 44.07. Aka je kotu, aka ɗaukaka ƙara, a 2009 kotu ta ba duwan gaskiya. Ku lura, can ɗan kasuwa hawa tsanin yake so, nan sauka yake so, kowa inda sauƙi yake. Darasin da na ɗauka shi ne an yi gardamar a rubuce, gaban alƙali, kuma hukuncin yana nan kowa na iya karantawa. Wanda ya zo da irin kayan gobe ya san makomarsa tun bai yi oda ba.

Mu ma muna da madogara. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar sauƙaƙa kasuwanci ta Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda ta fara aiki a ranar 22 ga Fabrairun 2017. Sashenta na 1 ya ce a wallafa haraji da ƙa'idoji inda kowa zai gani. Na 3 ya ce mai shigo da kaya na iya neman hukuma ta faɗa masa lambar kayansa a rubuce tun kafin kayan su iso. Na 4 ya ce wanda bai yarda da hukuncin duwan ba yana da damar ɗaukaka ƙara. Wanda ya nemi waɗannan, abin da ƙasarsa ta sa hannu a kai ya nema.

To mi za mu yi daga yau?

Mai shigo da kaya, kafin ka tura kuɗɗi, ka sa mai sayarwa ya turo hoton kayan kusa-kusa, gefe da kai da kai, kuma ya rubuta a faktir ainihin abin da aka yi wa katakon: an yanke ko ba a yanke ba, an huda ko ba a huda ba. Ka tambayi ɗan tiranzit lambar da zai sa, duk alƙaluma goma, da kason da ke gabanta a jadawalin bana. Bayan an biya ka karɓi kofin takardar bayyana kaya da kitansi, ka gwada lambar da ke ciki da wadda ya faɗa maka. Kuɗɗin da ba su da kitansi ba su isa baitulmali ba, wannan kowa ya sani.

Kafintoci da masu walda, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai majalisar masu sana'ar hannu, CMANI, akwai majalisar ƴan kasuwa da masana'antu, CCIN. In kun ga firam gamamme a kasuwa da farashin da bai kai na falankinsa ba, ku rubuta, ku kai ƙorafi a ƙungiyance, da lamba a hannunku. Wanda ya shiga ofis ya ce "kayan waje sun kashe mu" za a ba shi haƙuri. Wanda ya ce "muna so a duba abin da ke shigowa ta 44.07 da 44.09 alhali 44.18 ne", dole a zauna da shi.

Ku kuma matasa masu takardar makaranta da waya a hannu, ga aiki. Jadawalin nan da faransanci yake, iyayenmu da ke fatauci da yawansu ba su karanta shi. Ku ɗauki babi ɗaya-ɗaya na kayan da ake sayarwa a kasuwarmu, ku karanta, ku juya shi da Hausa, ku yi saƙon murya ku tura. Mu nemi a manna kason kayan da aka fi shigowa da su a bangon ofisoshin duwan, da Hausa, a kuma karanta a gidajen rediyo. Wanda ya ƙware a wanga karatu ma ya samu sana'a, don kowane ɗan tiranzit na neman yaron da ba ya kuskuren lamba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a bakin iyaka yana da farashi, mun lissafa shi ɗazu: jikka 119 a kan miliyon.

Nan zan tsaya don a samu lokacin tambayoyi. Ina roƙon kafintocin da ke nan, wani ya taso ya nuna wa yaran nan bambancin sandar da aka fafe kawai da wadda aka yi wa harshe da rami, don ido ya fi kunne saurin ganewa. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya maida kowa gida lafiya.